Gida Na Tara

Cewa aka yi an yi wa Asma'u asiri a jikin riga.

A gidan suna na ji, a Gyallesu, daga bakin matan da ba su san ni ce yayar ubanta ba. Wai wani mai zanen riguna ne ya rubuta mata hatimi a aljihun babbar riga. Ta kwana da shi a ƙarƙashin matashi, ta wayi gari ta ce ba ta son jami'ar kuɗin da kawunta zai kai ta, sai ta gwamnati, inda saurayin yake.

"In ba asiri ba," in ji wata mai haƙorin Makka, "wace yarinya ce za a ce mata ga ɗaki mai fanka, ga aji na mutum ashirin, ta ce ita sai inda ake leƙen malami ta taga?"

Duk suka ce wallahi haka ne.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koya wa 'yan mata lissafi kafin in ajiye alli, ban taɓa ganin wadda ta ƙi abu ba dalili ba. Tambayarta dalilin ne ba a cika yi ba. Ko wainata ban ƙarasa ba, na ja mayafi na nufi gidanmu a Kusfa.

Agusta ne, shekarar da sojoji suka koma bariki. An ɗauke ruwa ke nan, katangun ƙasa sun yi jawur suna ƙamshi, shirwa na shawagi a kan rimin ƙofar gidanmu. Tun daga zaure na jiyo kukanta.

"Don Allah Baba kada ku ƙona... Don Allah!"

Tana durƙushe a tsakar gida, ɗankwalinta ya faɗi cikin ruwa ba ta sani ba. Hajiya Jummai, matar kawunta Alhaji Nasidi, ta ɗago wani farin ƙyallen shadda a bakin muciya don kada ya taɓa hannunta. Ƙanena Aƙilu, maɗinkin manyan riguna, yana tsaye da ashana. Binta, uwar yarinyar, ta rufe fuska da gefen zani.

"Yaya Delu, gara da kika zo," in ji Aƙilu. "Zo ki ga abin da aka shigo min da shi gida."

"Ni na gano shi!" Hajiya Jummai ta karɓe. "Jiya na zo na ce bari in gyara wa 'yata gado, sai ga shi a ƙarƙashin matashi. Duk garin nan sai da na faɗa, don a taya mu addu'a."

"Na ji addu'ar a Gyallesu," na ce. "Miƙo min."

"Da hannu za ki taɓa?"

"Da me nake cin tuwo?"

Na shimfiɗa shi a kan turmi. Aljihun riga ne da ba a fara ɗinkawa ba, zanen tawada kawai. Ga zanen asake sun miƙe sumul, ga na tambari ya naɗe kamar dodon koɗi, hannun Zailani mai zanen riguna ne ba tambaya. A tsakiya akwai gida tara, ɗan murabba'in nan mai ɗakuna uku-uku da ake yi wa kowace riga ta kirki. Sai dai a cikin ɗakunan an rubuta lambobi ƙanana da rubutun Larabci.

Layin sama: casa'in da biyu, casa'in da bakwai, casa'in da tara.

Na tsakiya: casa'in da tara, uku, uku.

Na ƙasa: casa'in da tara, uku, sai gida na tara wayam.

"Kin gani?" Hajiya Jummai ta rage murya. "Gidan da aka bari na sunanta ne. Da an cike shi, shi ke nan, mun rasa ta."

"Aƙilu," na ce, "hatimin gida tara, ko ta ina ka tara shi jimla ɗaya yake bayarwa. Babanmu ya koya mana wannan a zauren nan, kai kana gyangyaɗi. Tara min layin sama."

Ya motsa leɓe. "Ɗari biyu da tamanin da takwas."

"Na tsakiya fa?"

"Ɗari da biyar..."

"To duk malamin da ya yi wannan hatimin, a karɓe alƙalaminsa a ba shi fartanya."

"Ai akwai na aljanu, Yaya Delu, su ba ruwansu da jimla!" in ji Hajiya Jummai.

"To a ba ni kwana uku in tambaye su."

Na naɗe ƙyallen na sa a jaka. Aƙilu ya mayar da ashanarsa aljihu, ina jin har da ɗan sauƙi a ransa. Shaddar mai kyau ce.

Ga yadda abin ya faro. A mako guda takardu biyu suka zo wa Asma'u. Ɗaya daga babbar jami'ar gwamnati da ke Samaru, an ba ta sashen zanen gine-gine. Ɗaya daga wata ƙaramar jami'a mai zaman kanta da aka buɗe a kudu a shekarar, irin waɗanda ba mu taɓa gani ba sai lokacin. Alhaji Nasidi, babban mai shadda, ya riga ya sa ɗansa Kabir a can, ya ce zai ɗauki nauyin Asma'u ita ma. Ba wanda ya furta maganar aure, amma har kajin gidan sun san inda aka dosa.

Asma'u ta yi godiya, ta ce ita Samaru take so.

Shi kuwa Zailani jikan Bahago mai zane ne, na Tukur-Tukur. Shi ke yi wa Aƙilu zane tun rasuwar kakansa, kuma yana karatun injiniya a Samaru. Aikin riga a gidanmu hannu uku yake bi. Aƙilu ya yanka ya kai wa mai zane, ya dawo da shi cikin gida Asma'u ta bi tawadar da allura, in ta gama aljihu ya sake mayarwa a zana wuya da baya. Tun tana 'yar shekara goma sha biyar Aƙilu ya ce ba saurayin da zai tsaya masa a zaure sai ta gama makaranta, kuma ba wanda ya tsaya.

Da la'asar na same ta a kan soro, inda ake shanyar zare. Ta haɗa kai da gwiwa tana kallon dutsen Kufena, hadari ya yi masa rawani.

"Ma'u."

"Na'am, Gwaggo."

"Mene ne lambobin nan?"

Ta kau da kai.

"Ni ba ubanki ba ce, ba na ɗauke da ashana."

"Ba zan iya faɗa ba, Gwaggo... In na faɗa da bakina ya zama gaskiya."

Hawaye suka gangaro, ba ta share ba. Na bar wannan.

"To faɗa min na Samaru. An ce aji ɗaya mutum ɗari huɗu, kuma yau a buɗe gobe a rufe."

Sai na ga fuskar ta canja, kamar an kunna fitila a ɗaki.

"Gwaggo, kin taɓa kwanciya rigingine a zaurenmu?"

"Tun kafin a haifi ubanki."

"Kin ga bakan gizon nan da ya riƙe rufin? Ba ƙarfe, ba siminti, ƙasa da azara kawai, amma ya haura shekara ɗari. Ina ƙarama nakan ɗauka hannuwan mutum biyu ne suka miƙo daga bango da bango suka riƙe juna a sama. Wani lokaci har mafarki nake yi ina tafiya a kansa, garin nan duk yana ƙasana, soraye ja, rimaye kore..." Ta juyo ta kalle ni. "Ya tsage, Gwaggo. Daga gabas. Kowace damina tsagar tana ƙaruwa da faɗin ɗan yatsa, ina aunawa da zare. Baba ya ce bana ko baɗi za a rushe a sa kwano."

"Sai me?"

"Ina so in san abin da ya riƙe shi. In na sani zan san abin da zai hana shi faɗuwa."

Ana cikin haka muka ji hon ɗin mota. Kabir ne. Da yake ɗan gida ne, har kan soron ya hawo, yana ɗage ƙafar wando saboda laka. Yaro ne mai fara'a, ba ni da abin da zan ce a kansa. Ya gaishe ni, ya tsuguna gabanta da wata takarda mai hotuna masu sheƙi.

"Ma'u, ni ban yarda da maganar Hajiya ba, wallahi. Amma dubi nan. Ga ɗakin karatu, ga kwamfuta, ga ciyawa kamar darduma. Shekara huɗu cif kin fito, ba yajin aiki, ba komai!"

"Ya Kabir, akwai sashen gine-gine?"

"Gini kuma?" Ya yi dariya. "Akwai kasuwanci, akwai aikin banki. Ke da za a gina wa gida, me ya haɗa ki da birkiloli?"

Ta miƙa masa takardarsa da hannu biyu.

"Hotunan sun yi kyau," ta ce.

Washegari da hantsi na sami Aƙilu a zaure yana kan keken ɗinki. Na ce ya fito min da rigar da Asma'u ta ɗinka wadda ba a sayar ba tukuna. Ya ɗauko wata shuɗiya, ta sha bugu tana walƙiya. Na zaro reza daga jaka.

"Yaya! Ta Alhaji Dogara ce, ta ɗaurin aure!"

"Kai ne maɗinki, ka mayar."

Na farke shafin da ke bayan aljihu, wato ƙyallen da ake rufe bayan ɗinki da shi. Na juya wa haske.

Allahu Akbar.

Bayan ƙyallen duk rubutu ne, siriri kamar sawun tururuwa. Tawada da fensir, tawada da fensir. Tambayar lissafi da tawada, amsa da fensir. Irin tambayoyin jarrabawar gama sakandare ne sak, na san su kamar 'ya'yan cikina. A gefe an rubuta:

"Kin manta alamar ragewa, Ma'una. Sake."

A ƙasa da fensir: "Ban manta ba. Kai ne ba ka duba da kyau ba."

Sai tawada kuma: "Gaskiyarki, ranki ya daɗe. Yau na ga rimin ƙofarku daga nesa, na gaishe shi."

Na karanta wa Aƙilu da ƙarfi. Ƙafarsa ta tsaya a kan keke.

Asma'u ta faɗi lissafi a zaman farko, kowa ya sani. Har aka ce ai kan mace ba na lissafi ba ne, a gabana aka faɗa, ni da na ci abinci da shi shekara talatin da ɗaya. Ta sake zama a ƙarshen bara ta ci da kyau, aka ce addu'ar uwa ce. Addu'ar uwa tana nan, amma ga sauran bayanin a bayan rigar Alhaji Dogara.

"Lambobin da ke cikin gida tara fa, ba ka taɓa gani ba?" na tambaye shi.

"Ina gani mana. Na ɗauka ƙidayar ɗinki ce. Ai tana bi da zare ta rufe su."

"Riga nawa ka kai masa tun bara?"

"Sun fi arba'in..." Ya cire hula ya riƙe. "Yaya Delu, kina nufin ni ne... ni da kaina nake ɗauka in kai, in ɗauko in kawo?"

"A kan kekenka, har da ɗaurewa da roba don kada ruwa ya taɓa."

"Inna lillahi!"

Na bar shi yana kallon rigar, na hau motar haya zuwa Tukur-Tukur.

Na sami Zailani a rumfar kakansa, ya shimfiɗa farar shadda a kan allo, alƙalami a hannu, amma tawadar ta bushe a bakinsa. Dogo ne, siriri, ya rame fiye da yadda na san shi. Yana ganina ya zube.

"Gwaggo, wallahi tallahi ban taɓa zuwa wurin wani malami ba..."

"Tashi. Tambaya ɗaya zan yi maka. Wace shekara ka shiga jami'a?"

"Casa'in da biyu."

Na zauna a kan benci. Na fito da ƙyallen na shimfiɗa a cinyata.

"Karatun shekara biyar. Da ka fita casa'in da bakwai."

"Haka ne."

"Ga shi casa'in da tara kana nan."

Ya sunkuyar da kai. "Yajin aikin ƙasa baki ɗaya, Gwaggo. Wani wata uku, wani wata shida. Mu koma gida mu zauna. Sai Disamban nan zan rubuta ta ƙarshe, in Allah ya yarda."

Na ɗora yatsa a layin tsakiya. "Wannan jami'ar kawunta ce. Ta shiga bana, ya kamata ta fita shekara ta dubu biyu da uku, kuma ta fita a dubu biyu da ukun." Na sauko ƙasa. "Wannan Samaru. Ta shiga bana, ya kamata ta fita da uku..."

"Gida na tara kuwa Allah kaɗai ya san abin da za a rubuta," ya ƙarasa.

"Wato cewa ka yi ta tafi."

Ya goge ido da bayan hannu, tawada ta shafe shi a kunci.

"Ina da abokan da muka shiga tare, Gwaggo, 'yan mata. Yajin farko aka aurar da uku, ba su dawo ba. Na biyu aka aurar da biyar. Ma'u ta fi ni kai, wallahi ta fi ni. In ta zauna saboda ni, shekarunta suka zube a banza, da wane ido zan kalle ta?"

"Ka san wa ke jiranta a can?"

"Na sani."

"Kuma ka rubuta."

"Sau uku ina zubar da tawadar kafin in iya."

"Ta ba ka amsa?"

"Yau kwana goma sha tara. Ba a dawo da aljihun ba."

Ban ce masa a ƙarƙashin matashinta ya kwana goma sha takwas ba. Na ce gobe bayan la'asar ya zo Kusfa, ya sa rigar kirki, ya wanke fuskarsa.

A zaure aka taru. Alhaji Nasidi a kan kujera, matarsa a gefe, Kabir ya jingina da bango. Binta tana daga bakin ƙofar cikin gida. Zailani ya rakuɓe kusa da takalma. Ana yayyafi a waje, hasken yamma ya shigo ta ƙofa ya kwanta a kan tabarma kamar ruwan zuma. Aƙilu ya ajiye takardun jami'a biyu a tsakiya, ni kuma na shimfiɗa ƙyallen a kusa da su, na karanta musu shi layi-layi yadda yake.

Da na gama, na koma na zauna.

Alhaji Nasidi ne ya fara magana. "Wato yaron nan ni yake taya wa ciniki?"

"Kai yake taya wa, Alhaji."

"Mu kuma muna shirin ƙona masa takarda." Ya juya ya kalli matarsa. Hajiya Jummai ta shiga gyaran mayafin da ba abin da ya same shi.

"To ai ko ba asiri, an yi ta rubuce-rubuce a ɓoye!" ta ce.

"An yi," na ce. "Ta ci lissafi."

Aƙilu ya ɗaga murya. "Asma'u! Fito."

Ta fito da shuɗin mayafi, idanunta sun kumbura. Ba ta kalli kowa ba. Ta durƙusa a gefen uwarta.

"Ga takardu biyu," in ji ubanta. "An ce ba a tambaye ki dalili ba. To yau na tambaya, a gaban kowa."

Kafin ta buɗe baki Zailani ya matso da gwiwa.

"Malam, a gafarce ni, in ce wani abu." Ya juya wajenta. "Ma'u... ki ɗauki ta kawu. Don Allah. Shekara huɗu kamar gobe ne. Ni ba komai, wallahi ba komai..."

Sai a lokacin ta ɗago.

Ban taɓa ganin yarinyar nan ta kalli namiji ido cikin ido ba sai ranar.

"Ba komai?"

"Ina nufin..."

"Ya Zailani, riga arba'in da uku kana tambayata ina ba ka amsa. A ta arba'in da huɗu sai ka yi tambayar, ka ba kanka amsa, ka aiko min in rufe da zare?"

"Don ke na yi, hasken idona, don..."

"Ka lissafa min shekaruna tsaf. Ka tambaye ni me zan yi da su?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kwana goma sha takwas ina kallon gidan nan da ka bari. Kullum in ce yau zan gane wani abu daban, kullum abu ɗaya yake ce min, tafi!" Muryarta ta karye. "Ko su da suka ce asiri ne sun fi ka kyautata min zato. Su sun ɗauka so kake ka riƙe ni..."

Binta ta fashe da kuka. Kabir ya kalli ƙasa.

Asma'u ta share fuska, ta ɗaga hannu sama.

"Baba, dubi can."

Duk muka ɗaga kai. Bakan gizon yana nan yadda kakanmu ya bar shi, ya taso daga bango biyu ya haɗu a tsakiya. Daga gabas tsagar ta gangaro baƙa, ɗigon ruwa ɗaya na lilo a bakinta.

"Kawu, na gode, Allah ya saka da alheri. Makarantarku tana da kyau, amma ba a koyar da wancan a can. A Samaru ake koyarwa. Ko ta taga zan leƙa, zan leƙa. Ko shekara goma za a yi ana buɗewa ana rufewa, zan jira. In an rufe in dawo nan in auna tsagata, in an buɗe in koma. Baba, abu ɗaya nake roƙo, kada a sa kwano sai na gama."

Ɗigon ya faɗo a kan tabarma, tsakanin takardun biyu.

Aƙilu ya daɗe yana kallon rufin.

"A nan aka yi min aski ranar suna," ya ce a hankali. "Na ɗauka ni kaɗai nake jin ciwonsa."

Alhaji Nasidi ya sunkuya ya ɗauki takardar kudu, ya ninke ta ya sa a aljihu. "Binta, 'yarki ta fi mu sanin inda za ta. Kayan zanen da za a nema a can, a faɗa min." Ya tashi. "Hajiya, mu je. Gobe kya koma Gyallesu ki gyara addu'ar."

Kabir ya tsaya a bakin ƙofa yana neman takalminsa. Ya dubi Zailani, ya yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. "Malam, da ni ne da ban iya rubutawa ba." Ya fita.

Zailani bai ma ji shi ba. Idonsa na kanta.

"Ashe... ba don ni ba ne," ya ce, kamar mai magana cikin barci. Na rasa gane ko daɗi ya ji ko ciwo, ina jin shi ma bai sani ba.

"Da don kai kaɗai ne, da na bi maganarka na tafi."

"Haka ne."

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, muryar ta koma can ƙasa.

"Amma motar Samaru daga Tudun Wada take tashi... kuma ban san hanyar sashenmu ba."

"Na sani! Na san hanyar, Ma'una, wallahi har bishiyoyin na sani!"

"Kai!" Aƙilu ya daka masa tsawa. "A gabana? A zaurena?"

Zailani ya koma kusa da takalma da sauri.

"Shekara guda kun mai da ni masinja. Ni Aƙilu, da gemuna, ina taka keke cikin ruwa da rana ina kai gaisuwar rimi!" Ya nuna shi da almakashi. "Daga yau na ajiye aikin. Ka rubuta jarrabawarka ta Disamba. In ka gama ka turo min manyanka, su zo ta ƙofa, da bakinsu, ba a bayan aljihu ba."

"Malam... na gode, Malam... Allah ya..."

"Kuma rigar Alhaji Dogara kai za ka mayar da shafinta."

Binta tana kuka tana dariya. Asma'u ta miƙo hannu wajena ba tare da ta ɗago ba, na sa mata ƙyallen. Ta rungume shi ta shige cikin gida da gudu, ƙafarta na fantsama ruwa.

Wata huɗu ta yi tana ɗinkinsa, da farin alharini, in ta dawo daga Samaru da yamma. Takan zauna a kan soro har hasken ya ƙare, Kufena a gabanta, allura na shiga tana fita. Na tambaye ta yaya ajin. Ta ce ranar farko a kan taga ta zauna, ta biyu ta riga kowa zuwa.

An ɗaura auren bayan ƙaramar salla, a zauren, ƙarƙashin bakan gizon da aka tokare da azara biyu kafin mai gyaransa ta gama karatu. Matan Gyallesu sun zo, har da mai haƙorin Makka. Ta ja ni gefe ta ce ita fa har yanzu tana mamaki, wai me aka gano a jikin rigar nan?

Na faɗa mata.

Ba hatimi ba ne, shekarun karatu ne. Zailani ya ce ta tafi, ita ta ƙi. Rigar ce a jikinsa ranar ɗaurin aure. Gida takwas ta rufe su da zare, na tara ta bar shi fari.